Lesin Taro Ko Malamin Gida: Wanne Ya Fi Amfanin Ɗan Sakandare?

Da misalin ƙarfe huɗu na yamma, bayan an taso daga makaranta, yara sun ci abinci sun yi sallar la'asar, sai wata makarantar kuma ta buɗe. Ita ba ta da tuta, ba ta da kayan makaranta, sau da yawa ma Ma'aikatar Ilmi ba ta san da zamanta ba. Ko a Agege ta Ikko, ko a Sabo ta Badun, ko Tudun Wadan Kaduna, ko Fagge ta Kano, labarin duk ɗaya ne: wani shago da aka jera wa bencina, ko ɗakin firamare da aka ara daga hannun hedimasta, ga baƙin allo jingine da bango, ga malami riƙe da alli. Wannan shi ne lesin, kamar yadda yara da iyayensu suka raɗa masa. A daidai wannan lokaci kuma, can a gidajen masu hali, wani malamin yana kafe babur ɗinsa a ƙofar gida, za a ja masa kujera ya zauna da yaro ɗaya tak har magariba.

Abin da ya tura iyaye ga wannan ɗawainiya ba ɓoyayye ba ne. Yaro ba ya shiga jami'a sai ya sami kiredit biyar a jarrabawar WAEC ko ta NECO, har da na Turanci, masu son kimiyya kuwa har da na Lissafi. In ya tsallake wannan, ga jarrabawar JAMB tana jiransa, ita kuwa a 2024 fiye da kashi uku cikin huɗu na waɗanda suka ɗauke ta ba su kai maki 200 daga cikin 400 ba. Uban da ya ga ɗan maƙwabcinsa ya yi shekara biyu a gida saboda takarda ɗaya, ba sai an yi masa dogon wa'azi ba kafin ya sa hannu a aljihu. Abin da ya kan rasa mai ba shi shawara a kai shi ne inda ya kamata kuɗin su tafi.

Tun daga shirin ba da ilmin firamare kyauta na 1976 yara suka yi ta kwarara makaranta, gine-gine da malamai kuwa ba su taɓa cim ma yawansu ba. Tsarin ilmi na ƙasa ya ce kada ajin sakandare ya wuce ɗalibi 40, amma kowa ya leƙa makarantun gwamnati na manyan garuruwa ya san akwai ajin da ya ninka haka. Mai karatu ya yi lissafin da kansa. In aji yana da yara 60, darasi kuwa minti 40 ne, to ko da malami bai rubuta kome a allo ba, ya raba lokacinsa daidai wa daida, kowane yaro daƙiƙa 40 zai samu. Idan dambu ya yi yawa ba ya jin mai.

A cikin irin wannan aji ne ake samun yaron da ya kai ajin ƙarshe na sakandare, amma in an ce ya haɗa rabi da sulusi sai ya haɗa na sama da na sama, na ƙasa da na ƙasa, ya ce biyu bisa biyar ne, alhali kuwa amsar biyar bisa shida ce. Tun yana firamare ya ɗauki wannan kuskure, ya yi ta tafiya da shi aji bayan aji ba wanda ya tsaya a kansa. Duk aljabarar da aka ɗora masa daga baya a kan ramin nan aka gina ta. Shi kansa bai san inda ciwon yake ba, abin da ya sani kawai shi ne wai ba shi da kan lissafi.

To, a nan ne malamin gida ya fi kowa. Da yake yaro ɗaya ne a gabansa, idonsa yana kan bakin alƙalamin yaron, a rana ta fari ko ta biyu zai ga inda hannun ya karkace. Yana iya ajiye littafin aji shida ya koma na firamare ba tare da wani ya yi dariya ba. Yaron da kunya ta hana shi ɗaga hannu a gaban 'yan ajinsu, musamman wanda Turancinsa bai nuna ba, a nan bakinsa ke buɗewa.

Masana sun daɗe da auna wannan al'amari. A 1984 wani shehun malami na Jami'ar Shikago ta Amurka, mai suna Benjamin Bloom, ya buga sakamakon binciken da ɗalibansa biyu suka yi. An raba yara, waɗansu aka bar su a aji na mutum 30, waɗansu kuma aka haɗa su da malami na musamman. Da aka yi jarrabawa sai aka tarar matsakaicin yaro cikin masu malami na musamman ya wuce 98 daga cikin kowane 100 na 'yan babban aji. Wannan magana ta zaga duniya, har yau masu sayar da darasi suna kafa hujja da ita. Amma akwai abubuwan da ba su cika faɗi ba. Yaran nan ƙanana ne, ba su kai manyan ajujuwan sakandare ba. Gwajin na mako uku ne kacal. An kuma riƙa yi musu 'yar jarrabawa a kai a kai ana gyara musu kuskure kafin a wuce gaba. Daɗin daɗawa, ba kullum yaro ɗaya ke gaban malamin ba, wani lokaci biyu ne ko uku. Da wani masani mai suna Kurt VanLehn ya tattara gwaje-gwaje masu yawa a 2011, sai ya ga amfanin yana nan da girmansa, amma bai kai rabin abin da Bloom ya ambata ba.

Malamin gida kuma yana da nasa aibin, ban da tsada. Wanda ake biya a ƙarshen wata, ya kuma san in yaro ya kai ƙararsa wurin uwa abincinsa ya ƙare, yakan zama mai lallashi. Yaro ya ɗan yi jim, sai malam ya karɓi biro ya ƙarasa masa. Aikin gida da aka bayar a makaranta shi zai yi, yaro ya kwafa, maki ya hau, iyaye su yi murna, ranar jarrabawa kuwa ba malam a gefe. Ga shi yaron ba ya jin tambayar kowa sai tasa, ba ya ganin wani sa'ansa ya riga shi gamawa balle zuciyarsa ta motsa. Sannan in ɗalibar budurwa ce, magidanci mai hankali ba ya barin ta da namiji baƙo su biyu a ɗaki, sai a tsakar gida ko falo inda jama'a ke kai da kawowa, ko kuwa a nemo mata malama.

Shi kuwa lesin taro, kuskuren da ake yi shi ne ɗaukarsa abu guda, alhali iri biyu ne waɗanda suna kawai ya haɗa su. Akwai na mutum 50 ko 70, wanda ake cika shi maƙil in jarrabawa ta gabato, malami yana gaba yana warware tambayoyin shekarun baya, yara suna kwafa. Yaron da ya baro cunkoso da safe ya komo wani cunkoson da yamma, an gudu ba a tsira ba. Irin wannan yana amfanin wanda ya riga ya iya, yana neman sanin salon tambaya da saurin hannu kawai. Mai rabi da sulusi kuwa zai zauna a bencin baya wata shida ya fito yadda ya shiga. A cikin irin waɗannan wurare ne kuma ake samun marasa tsoron Allah da ke yi wa iyaye alkawarin sakamako ko yaro ya yi karatu ko bai yi ba, abin da kan jawo hukumar jarrabawa ta riƙe sakamakon ɗalibai ko ta soke shi ɗungum.

Akwai kuma na mutum uku, ko huɗu, ko biyar, a kewaye da tebur ɗaya. Wata cibiya a Ingila mai suna Education Endowment Foundation, wadda aikinta shi ne tattara binciken da aka yi a kan koyarwa, ta ƙiyasta cewa yaro mai malami shi kaɗai yakan sami ƙarin ci gaba na kimanin wata biyar a shekara, wanda ke cikin ƙaramin rukuni kuwa kimanin wata huɗu. Ta kuma lura cewa da zarar rukuni ya wuce mutum shida ko bakwai sai amfanin ya fara zubewa. Watau tazarar wata ɗaya ce, kuɗin kuwa in gida huɗu suka haɗu kowa rubu'i zai biya. Ga ma'aikacin da ke da 'ya'ya uku a sakandare, albashi kuma ɗaya, wannan ba ƙaramin labari ba ne.

An gwada wannan a kan 'yan sakandare sosai a birnin Shikago daga 2013. Aka ɗauki samari daga unguwannin talakawa, waɗanda da yawansu an bar su a baya a Lissafi, aka ba kowane malami yara biyu, suna zama kusan awa guda kowace ranar makaranta, a cikin lokacin makaranta. Malaman nan yawancinsu matasa ne da suka gama jami'a ba da daɗewa ba, aka yi musu gajeren horo. Makin yaran ya tashi, faɗuwa a Lissafi ta ragu ƙwarai. Abin lura shi ne zaman na kullum ne, kuma abin da ake yi a wurin yana tafiya tare da abin da ake koyarwa a aji. Ƙasar da ke tura dubban 'yan bautar ƙasa makarantu kowace shekara tun 1973, ta kuma damƙa wa kowannensu aji guda cur da alli, tana da abin dubawa a nan.

Abin mamaki, wannan tsari ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa. Duk wanda ya taɓa zama a zauren malami da hantsi ya ga yadda ake yi. Almajirai suna kewaye, kowa da littafinsa, wannan Ahalari, wancan Iziyya, na gefe Risala. In layi ya zo kan mutum sai ya matso ya karanta nasa, malam yana fassara masa yana gyara masa wasali, sauran kuwa suna saurare. Mai ƙaramin littafi yana tsintar abin da ke gabansa tun bai kai ba, mai babba yana maimaita abin da ya wuce. Ba a ƙara wa kowa sai ya riƙe na jiya. Kowa ya sami idon malam shi kaɗai, kowa kuma ya sha daga karatun ɗan'uwansa. Abin da masana suka auna da alƙaluma, zaure ya daɗe yana yin sa a kan buzu.

Sai dai Lissafi da Turanci na sakandare suna da wani sharaɗi da zaure bai damu da shi ba, domin akwai ranar jarrabawa da aka tsayar. Ƙaramin rukuni ba ya tafiya sai yaran suna kusa da juna a fahimta. In aka haɗa mai neman A1 da wanda bai iya rabawa ba, ɗayansu zai cutu, yawanci kuwa na bayan ne, don malami ɗan Adam ne, ya fi son inda ake amsa masa. Saboda haka yaron da tushensa ya rushe, ko wanda ciwo ko sauyin gari ya raba shi da makaranta zango guda, shi ya cancanci malami shi kaɗai, na wata biyu ko uku, a kan abu ɗaya sananne, in ramin ya cike a mai da shi cikin 'yan'uwansa. Ajiye malamin gida shekara da shekaru a kan kowane darasi ya fi kama da ado.

Akwai wata matsala da iyaye kan yi shiru a kanta don gudun kada a tsangwami 'ya'yansu. Sau da yawa mai lesin yamma shi ne malamin ajin da safe. Albashin malami ba ya kai shi ƙarshen wata, ba mai musun wannan, amma in ya zamana ana taƙaita bayani da safe don a cika shi da yamma ga wanda ya biya, to ɗan talaka an sayar masa da abin da yake hakkinsa ne. Ƙasar Koriya ta Kudu ta taɓa hana darasin kuɗi gaba ɗaya a 1980 don kada masu hali su tsere wa marasa hali. Sai sana'ar ta koma ɓoye, kuɗinta ya ƙaru, har kotun tsarin mulki ta soke hanin a 2000.

Uban da bai yi boko mai zurfi ba yakan ɗauka ba shi da hanyar gane ko kuɗinsa suna aiki. Yana da ita. Ya tambayi yaro su nawa ne a wurin, ya kuma tambaye shi ko malam ya san sunansa. Sa'an nan ya ce a kawo littafin aikin lesin ya buɗe. In shafi bayan shafi rubutu ne mai tsabta da aka kwafo daga allo, ba kuskure ba gyara, yaron ɗan kallo ne a wurin. In kuwa ya ga inda yaro ya yi da hannunsa ya ɓata, ga jan biro ya zagaye wurin, ga kuma inda aka sa shi ya sake yin irinsa a ƙasa, to malamin yana duba aikin ɗansa, ko su biyu ne a ɗakin ko su biyar.