Katamaran, tagwayen kwale-kwale

Yara, wane ne a cikinku ya taɓa shiga kwale-kwale? Waɗanda suka je Yamai sun gan shi a kan kogin Kwara. Na Maraɗi sun gan shi a tafkin Madarunfa. In ka shiga, abin da mai jirgi yake fara gaya maka shi ne: «Zauna tsakiya, kada ka motsa!» Yana da gaskiya. Kwale-kwale dogo ne, siriri. In mutum biyu suka jingina gefe ɗaya, sai ya kife.

Akwai wani jirgin ruwa wanda mutum talatin suke yawo a kansa, wasu suna tsaye, wasu suna kwance, wani yana gasa kifi, amma ba ya kifewa. Sunansa katamaran. Ƙasarmu Nijar ba ta da teku. Daga Yamai sai an yi tafiyar kilometir wajen 1000 kafin a kai bakin teku a Kwatano. Don haka za mu je nesa mu ga wannan jirgi, a wata ƙasa da ake kira Moris.

Ku duba taswira. Ku nemi Afirka, ku gangara kudu maso gabas, ku ƙetare babban tsibirin Madagaska. Can gaba, cikin tekun Indiya, akwai wani ɗan ɗigo. Shi ne Moris. Tsibiri ne, wato ƙasa wadda ruwa ya kewaye ta ko ta ina. Tsawonsa kilometir 65 ne, faɗinsa 45. Nijar ta fi ƙasar Moris girma fiye da sau 600. Babban birninta Port-Louis. Faransawa sun mulke ta, Ingilishi suka karɓa a 1810, ta sami ƴancin kai ran 12 ga Maris 1968. Mutanenta suna noman rake, suna kamun kifi, suna kuma karɓar baƙi ƴan yawon buɗe ido. A shekarar 2019 baƙin da suka zo sun wuce miliyan 1 da dubu 300. Sun fi ƴan ƙasar yawa.

A gabashin Moris akwai wani ƙauyen masunta, sunansa Trou d'Eau Douce. Ku da kuke koyon faransanci kun gane ma'anarsa: ramin ruwan daɗi. Daga nan jirage suke tashi da safe, su kai baƙi wani ƙaramin tsibiri mai suna Île aux Cerfs, su komo da su da la'asar. Tafiyar yini ɗaya ce.

Wajen ƙarfe 9 na safe fasinjoji suke taruwa a bakin ruwa. Kowa ya tuɓe takalminsa kafin ya hau. Shugaban jirgi ya nuna musu rigunan da suke hana mutum nutsewa, ya ce wanda bai iya iyo ba kada ya shiga ruwa sai ya sa tasa. Sannan a kwance igiya.

Bari mu dubi jirgin da kyau kafin ya yi nisa.

Katamaran kwami biyu ne, dogaye, sirara, tsawonsu ɗaya, kamar tagwaye. An jera su, an bar fili a tsakaninsu, an haɗa su da wani faffaɗan dandamali. A kan dandamalin akwai rumfa da wuraren zama. A gaba an ɗaura raga mai ƙarfi tsakanin kwamin biyu. Wanda ya kwanta a kanta yana ganin ruwa yana gudu a ƙarƙashinsa. A tsakiya an kafa doguwar sanda, ta fi dabino tsawo, an rataya mata manyan ƙyallaye masu kama iska. Irin wanda yake ɗaukar baƙi yakan kai metir 12 ko fiye a tsawo, faɗinsa kuwa wajen rabin haka.

Me ya sa ba ya kifewa? Ku tashi tsaye, ku haɗa ƙafafunku wuri ɗaya. Abokinka ya ɗan tura ka. Ka yi tangaɗi, ko ba haka ba? To, yanzu buɗe ƙafafu, ya sake turawa. Ka tsaya daram. Haka katamaran yake. In iska ta tura shi ta dama, kwamin hagu ya danna cikin ruwa, ruwa kuma ya tura shi sama. Kwamin dama ya so ya tashi, nauyinsa ya maido shi ƙasa. Yawan filin da yake tsakaninsu, yawan ƙarfin tsayuwar jirgin.

Jirgin iska mai kwami ɗaya wata dabara yake bi. Ana liƙa masa ƙarfe mai nauyi ƙwarai a ƙarƙashi, wanda yake shiga ruwa har metir 2 ko fiye. Nauyin nan shi ne yake riƙe shi. Katamaran ba ya bukatar wannan kaya. Saboda haka bai da nauyi, yana da sauri, kuma abin da yake nutsewa na jikinsa wajen metir 1 ne kawai. Ku riƙe wannan, za mu ga amfaninsa nan gaba.

Amma kada ku ce ba ya kifewa sam. In guguwa ta same shi da ƙyallayensa a buɗe duka, yana iya juyawa. In kuwa ya juya, ba ya komawa daidai da kansa. Shi ya sa matuƙin kirki idonsa yana kan sama kullum. Da ya ga iska ta yi ƙarfi sai ya rage ƙyalle. Daga Nuwamba zuwa Afrilu, lokacin zafi da manyan guguwa ne a Moris. Ranar da aka yi gargaɗin guguwa, jirage ba sa fita.

Dabarar haɗa jirgi biyu ba ta yau ba ce, ba kuma Turawa suka fara ta ba. Sunan ma daga harshen Tamil ya fito, a kudancin Indiya. A can masunta suna ɗaure gumagumai su hau teku, suna kiransu kattumaram, wato itacen da aka ɗaure. Mutanen tsibiran tekun Pasifik kuwa, da tagwayen kwale-kwale na itace suka ƙetare dubban kilometir, tun ba a san injin ba. Taurari da iska da tsuntsaye suke nuna musu hanya. A 1975 an sake ƙera irin jirginsu, aka sa masa suna Hokule'a, a 1976 ya tashi daga Hawai ya kai Tahiti ba tare da na'urar nuna hanya ba.

To, mu koma Moris. Jirginmu ya fita. Ruwan da yake tafiya a kai yana kwance lumui, garai-garai, har ana ganin yashi a ƙasa. Launinsa tsakanin shuɗi da kore. Amma in ka ɗaga ido ka dubi gabas, za ka ga wani dogon farin layi na kumfa, ka ji ƙugi kamar na hadari. Bayan layin nan ruwa shuɗi ne mai duhu, mai zurfi, mai manyan raƙuman ruwa. Wani abu yana tsakani, yana tare su. Katanga ce a cikin ruwa, wadda ta kusa kewaye Moris duka. Tsawonta ya kai kilometir 150. Raƙuman ruwa suna zuwa da ƙarfi, su bugi katangar, su fashe. Abin da yake wucewa ciki ba shi da sauran ƙarfi. Tsakanin katangar da gaɓa sai aka sami wani irin tafki na ruwan gishiri. A wurare da yawa zurfinsa bai wuce tsayin mutum ɗaya ko biyu ba. Babban jirgi ba ya iya shiga nan. Jirgi mai ƙarfe a ƙarƙashi sai ya bi a hankali, yana neman hanya. Katamaran kuwa nan ne gidansa.

Wa ya gina katangar? Ba mutum ba ne. Wasu ƴan mitsi-mitsin halittu ne, da yawansu ba su fi ƙwayar dawa girma ba. Kowace tana tsotso sinadarin farar ƙasa daga ruwan teku, ta gina wa kanta ɗan ɗaki mai tauri. In ta mutu, ɗakin ya rage, wasu su gina nasu a kansa. Ana kiran ginin murjani. Kun san murjanin da iyayenmu mata suke sawa a wuya. Na ainihi daga teku yake fitowa, dangin wannan ne, sai dai shi ja ne, kuma a wasu tekuna ake samunsa. Aikin ginin yana tafiya sannu ƙwarai. Murjani mai kama da dutse yana ƙaruwa da santimetir 1 kacal a shekara. Wanda ya kai tsayin ɗan aji uku ya girmi kakanninku.

Wajen hantsi jirgi yakan tsaya kusa da murjani. Baƙi su sa tabarau na ruwa, su kama bututun numfashi a baki, su kwanta rub da ciki a kan ruwa suna kallo. A ƙasa akwai murjani iri iri. Wani kamar ƙahon barewa, wani kamar faifai, wani kamar ƙwaƙwalwa. Kifaye masu zane-zane suna shiga suna fita. Akwai wata halitta baƙa mai dogayen ƙayoyi kamar bushiya. Wanda ya taka ta ba zai manta ranar ba.

Akwai kuma wani kifi mai baki kamar na aku. Yana kankare murjani don ya ci ganshaƙukar da take kansa. Dutsen da ya haɗiya ya niƙe a cikinsa, ya fitar da shi gari. Garin nan, tare da ɓarɓashin murjani da na ƙwanson katantanwar teku, ruwa yake turawa gaɓa. Farin yashin da baƙi suke biyan kuɗi mai yawa don su kwanta a kai, wani kashi nasa kashin kifi ne. Yashin Tenere daga duwatsu ya fito. Na Moris daga halittu masu rai.

Daga nan wasu jirage sukan nufi bakin wani kogi, Grande Rivière Sud-Est. Inda kogin ya ƙuntata, sai a sauka a shiga ƙaramin jirgi mai inji, a je a ga wurin da ruwa yake faɗowa daga kan baƙaƙen duwatsu. Sau da yawa birai suna zaune a kan itatuwa suna kallon masu kallonsu. Da rana ta take, ma'aikatan jirgi su hura gawayi, su gasa kifi da kaza, a ci da shinkafa.

Bayan cin abinci sai tsibirin kansa. Île aux Cerfs ƙarami ne, hekta 87. Sunansa yana nufin tsibirin barewa. Ba irin barewarmu ba ce, wata ce mai ƙaho mai rassa, wadda mutanen Holan suka kawo Moris daga Jaba a 1639. Yau ba ta kan wannan ɗan tsibiri, suna kawai ya rage. Akwai farin yashi, da inuwar itatuwan filawo masu ganye kamar gashi, da ruwa mai ɗumi wanda yaro yake tafiya mai nisa a ciki bai wuce masa gwiwa ba. Amma ko ƙishirwa ta kama ka, ba ka shansa. A cikin kowace lita ta ruwan teku akwai gishiri wajen giram 35. Ruwan sha sai wanda aka zo da shi.

Duk mutanen da muka gani yau, da matuƙi, da mai gasa kifi, da masuncin da ya sayar masa da kifin, da matar da take sayar da abarba a bakin ruwa, abincinsu yana rataye a kan katangar nan. Ita kuwa mai rai ce, tana ciwo, tana mutuwa. A cikin jikin ƴan halittun murjani akwai wani ƙanƙanin tsiro wanda yake ba su abinci da launi. In ruwa ya ƙara zafi, ko da digiri 1 ne bisa yadda aka saba, ya daɗe haka makonni, sai su kori tsiron. Murjani ya yi fari fat kamar ƙashi. In zafin bai sauka ba, yunwa ta kashe shi. An ga haka a tekun Indiya a 1998, aka sake gani a 2016. Baƙi ma suna yin tasu ɓarnar. Wani ya taka, wani ya ɓalli reshe don ya kai gida tsaraba. Matuƙin da ya jefa ƙugiyar tsai da jirgi a kan murjani, cikin minti ɗaya ya karya ginin shekara hamsin. Shi ya sa matuƙan da suka san aikinsu a kan yashi suke jefa ta.

Ran 25 ga Yuli 2020 wani babban jirgin ɗaukar kaya mai suna Wakashio ya matso kusa da gaɓa fiye da kima, don mutanen cikinsa su sami layin wayar salula. Ya hau katangar murjani a Pointe d'Esny, kilometir wajen 20 kudu da Île aux Cerfs. Ya maƙale. A farkon Agusta jikinsa ya tsage, baƙin mai wajen tan 1000 ya kwarara cikin tafkin. Mutanen Moris ba su zauna jira ba. Dubbai suka fito. Suka ɗinka dogayen buhuna, suka cusa musu busasshen ganyen rake, suka ɗaura musu robobin ruwa don su yi iyo, suka ja su cikin teku don su tare man. Mata da maza suka aske gashin kansu suka bayar, domin gashi yana shan mai. An yi watanni masuntan wannan yanki ba su fita kamun kifi ba.

Wajen ƙarfe 3 da rabi shugaban jirgi yake kiran mutanensa. Ya ƙidaya su ɗaya bayan ɗaya, don kada a bar wani a tsibiri. A kwashe shara duka a sa cikin jirgi. Iskar kudu maso gabas ta cika ƙyalle, jirgi ya nufi Trou d'Eau Douce kafin rana ta faɗi bayan duwatsu da gonakin rake.

Aiki

Ku samo busasshen karan dawa, ku yanka guda uku, kowane taƙi ɗaya. Ku cika babbar roba da ruwa. Ku sa guda ɗaya a ruwa, ku soka masa tsinke a tsaye, da ƴar takarda a kan tsinken. Ku hura. Sauran biyun ku jera su, ku bar faɗin yatsa huɗu a tsakani, ku haɗa su da tsinke biyu, ku kafa musu tasu takarda. Ku hura kuma. Daga nan ku matso da su kusa da juna, ku sake gwadawa. Ku rubuta abin da kuka gani a cikin kayenku.

Tambayoyi

1. Me ya sa katamaran yake iya shiga ruwa marar zurfi?
2. Daga wane harshe kalmar katamaran ta fito? Mece ce ma'anarta?
3. Me ya sa ruwan da yake kusa da gaɓar Moris yake kwance?
4. Daga ina farin yashin Île aux Cerfs yake fitowa?
5. Da me mutanen Moris suka tare baƙin mai a 2020?