Kwamfutar Wasa: A Sayi Haɗaɗɗiya Ko A Haɗa Da Hannu?

Duk wanda ya bi ta titin Otigba da ke Ikeja, cikin kasuwar nan da ake kira Computer Village, zai ga samari sun yi cirko-cirko a bakin shaguna suna kallon waɗansu akwatuna masu gilashi a gefe, fankoki suna juyawa a ciki da fitilu ja da shuɗi. Waɗannan su ne kwamfutocin wasa. Sun sha bamban da na ofis, domin kuwa wasanni irin su Call of Duty suna buƙatar na'urar da za ta zana hoto sau 60 ko fiye a kowace daƙiƙa. Mai yin wannan aiki shi ne katin hoto, kuma sau da yawa shi kaɗai yakan cinye sulusin kuɗin na'urar, wani lokaci ma har rabi.

Gardamar da samarin ke yi ita ce: shin a sayi haɗaɗɗiya a ɗauka a tafi, ko kuwa a sayi kayan ɗaya bayan ɗaya a haɗa da hannu? A Amurka da Ingila mai sayen haɗaɗɗiya yakan biya ƙari ne domin garantin kamfani. A nan kuwa yawancin waɗanda ake gani a kan kanta ba daga masana'anta suka fito ba, yaran shago ne suka haɗa su, garantin kuma sau da yawa na 'yan kwanaki ne ko makwanni. Watau ko ta yaya dai wani ne ya haɗa da hannu. Abin tambaya shi ne wa ya zaɓi kayan da ke ciki.

Na fahimci haka ne a kan wani ɗan wana, wanda ya shekara yana tara kuɗin zanen katin biki da yake yi wa mutane, har ya sayi haɗaɗɗiya. Takardar da aka liƙa mata ta faɗi sunan furosesa, ta faɗi girman ram da sunan katin hoto, amma ba ta ce uffan ba game da akwatin wuta, watau abin da ke karɓar lantarki daga bango ya rarraba wa sauran kayan. Bayan wata uku aka ɗauke wuta, aka dawo da ita da ƙarfi. Sai ga waya da dare: "Baffa, ta ƙi tashi, kuma ina jin ƙauri." Da mai gyara ya buɗe, sai ya ɗora mini akwatin wutar a tafin hannu, ba suna, ba nauyi, sai ka ce gwangwanin madara. Ta ƙone, ta kuma tafi da katin hoton. Mai shago kuwa cewa ya yi wuta ce, ba ruwansa.

Lalle ne mai karatu ya tsaya a nan, domin nan ne ake yawan rage kuɗi a ɓoye. Katin RTX 3060 na kamfanin Nvidia, alal misali, yana jan wat 170, kuma kamfanin ya ba da shawarar a sa masa akwatin wuta mai wat 550. Babban wansa RTX 4090 yana jan wat 450 shi kaɗai. Akwatin wuta na kirki yana da kariyar da ke katse lantarki in ya yi yawa, na jabu kuwa rubutu ne kawai a jiki. A ƙasar da wuta ke zuwa yadda ta ga dama, ga janareta yana tari, ba wurin yin tsimi ba ne.

Sa'an nan ga batun kayan gwanjo. A shekarun 2020 da 2021 katunan hoto sun yi wuya a duniya, saboda ƙarancin sinadaran lantarki da kuma masu haƙar kuɗin intanet na Ethereum da suka riƙa kwashe su. Da aka daina haƙar ta wannan hanya a watan Satumba na 2022, sai katunan da suka yi aiki dare da rana suka cika kasuwanni. Ba dukkansu ne suka lalace ba, amma fankokinsu sun gaji. Wanda ya sayi katin da kansa zai iya cewa a kunna masa wasa na rabin sa'a ya ga zafinsa. Wanda ya sayi akwati a rufe, sai abin da aka faɗa masa.

Haɗawa da hannu tana da wata fa'ida kuma. Waɗansu manyan kamfanoni suna ƙera babban allon na'urarsu da filogin wuta irin nasu na kansu, yadda in abu ɗaya ya tsufa ba za a sami madadinsa a kasuwa ba. Alhali kuwa wanda ya haɗa tasa a kan gurbin AM4 na kamfanin AMD a 2017, da yawa sun cire tsohuwar furosesa sun sa Ryzen 5000 ta 2020 ba tare da sun jefar da allon ba.

Amma kada a ce ba ta da haɗari. Ram irin DDR4 ba ya shiga gurbin DDR5, kuma ƙaramin tsinke ɗaya in ya lanƙwashe a gurbin furosesa, an yi asara. In na'ura ta ƙi tashi, mai katin zai ce laifin mai allo ne, mai allo ya ce na mai ram ne. Mafi muni shi ne sayen kaya kaɗan-kaɗan. Tun da aka saki Naira a watan Yuni na 2023, Dala ta tashi daga wajen Naira 460 har ta wuce 1,500 a farkon 2024, samari da dama suka riƙa sayen abu ɗaya a wata don gudun hauhawa, sai kwanakin garanti su ƙare tun ba a gwada kayan ba. Daɗin daɗawa, a ƙarshen 2025 ram ya yi tsada ƙwarai saboda cibiyoyin ƙirƙirarriyar basira da ke wawushe shi.

A ganina, wanda bai taɓa riƙe sukudireba ba kada ya koyi aiki a kan kuɗin shekara guda, amma kuma kada ya sayi abin da bai gani ba. Ya rubuta kayan da yake so, ya saye su rana ɗaya, a shago ɗaya in zai yiwu, a rubuta masa sunan kowanne da lambarsa a rasit, ya biya mai gyara ladan haɗawa, ya zauna a gabansa har a kunna. Haka ɗan wana ya yi a karo na biyu, ya kuma ware kuɗin sitabilaiza tun kafin ya taya katin hoto.

Wani abu da bai lissafa ba shi ne kuɗin wuta. Na'urar da ke jan wat 400, in tana aiki sa'a 5 kullum, tana shan yunit 60 a wata. A farashin Naira 225 da aka yanka wa masu rukunin A a watan Afrilu na 2024, wannan ya kama Naira 13,500, kuma mitar gidan ta mahaifinsa ce.