Lambu a Cikin Gilashi: Shuka Tukuna, Kifi Daga Baya

Yawancin masu fara ajiye kifin ado a gida hanya ɗaya suke bi. A sayo akwatin gilashi da safe, a cika shi da ruwan famfo da rana, kafin magariba an zuba kifi goma sha biyu yara suna ta murna. Bayan kwana uku ruwan ya yi hazo. Kafin mako biyu kifin sun fara mutuwa ɗaya bayan ɗaya, mai gida kuma ya ce an cuce shi da marasa lafiya. Galibi kifin lafiyarsu ƙalau aka sayo su. Ruwan ne bai nuna ba.

Kifi yana fitar da guba mai suna amoniya ta numfashinsa da kashinsa, ragowar abinci da ruɓaɓɓen ganye ma ita suke komawa. A kogi ruwa yana tafiya da ita. A cikin gilashi ba ta da inda za ta, sai ta taru ta ƙona wa kifi abin da yake numfashi da shi. Masu kawar da ita wasu ƙwayoyin bakteriya ne da ido ba ya gani. Kashi na farko, irin su Nitrosomonas, suna mayar da amoniya nitirait, wadda ita ma guba ce. Kashi na biyu, musamman Nitrospira, su mayar da nitirait nitiret, wanda kifi ke iya jurewa idan bai yi yawa ba, shuka kuma taki ne a wurinta. Waɗannan ƙwayoyi a jikin abubuwa suke zama: soson matatar da ke tace ruwan akwatin, tsakuwa, duwatsu da ganye. Sabon akwati ba shi da su sai 'yan kaɗan, kuma kafin su yaɗu su isa aiki ana ɗaukar mako 4 zuwa 6. Wannan jiran shi ne rabin sana'ar, kuma shi ne abin da mai sayarwa ba kasafai yake gaya wa mai saye ba.

Haɗa kifi da shuka a mazubi ɗaya ba sabon abu ba ne. A shekarar 1850 wani masanin sinadarai a Landan, Robert Warington, ya ba da rahoton gwajin da ya yi: ƙananan kifin zinariya biyu da shukar Vallisneria a cikin ruwa kimanin lita 55. Da tsofaffin ganye suka ruɓe ruwan ya ɓaci, sai ya saka 'yan katantanwa, suka cinye ruɓin, ruwan ya washe. Shuka na ba da iskar oksijin, kifi na ba ta taki da iskar kabon. A 1853 gidan namun daji na Landan ya buɗe ɗakin kifi na farko da jama'a ke shiga kallo. Wanda ya mayar da abin ado na gaske a zamaninmu shi ne Takashi Amano, mai ɗaukar hoto ɗan Japan da ya rasu a 2015, wanda ya riƙa tsara duwatsu da itace da ciyawa har akwati ya fito da siffar daji. Hotunan aikinsa sun jawo mutane da yawa, sun kuma karya wa da yawa gwiwa, domin irin wannan akwati yana cin fitila mai ƙarfi da tulun iskar kabon da taki na kullum. Mai farawa ba ya bukatar ko ɗaya daga ciki.

Zaɓin farko shi ne girma, kuma a nan hankali yana yaudarar mutum. Ana ganin ƙaramin akwati ya fi sauƙi, alhali ruwa kaɗan ya fi saurin zafi, ya fi saurin sanyi, guba kuma ta fi saurin taruwa a cikinsa. Akwati mai tsawon santimita 60, faɗi 30, tsayi 35 yana ɗaukar lita 63, kuma ya isa wurin koyo. Kowace lita kilo ɗaya ce, saboda haka idan aka haɗa da gilashi da yashi da duwatsu nauyin zai kai kilo 80 ko fiye. Teburin roba ko na katako mai rawa ba zai yi ba. A nemi wuri mai ƙarfi, shimfiɗaɗɗe, a sa siririn soso a ƙarƙashi, nesa da tagar da rana ke shigowa. Da zarar an cika shi ba a ɗaga shi, don haka a yi shawara da uwargida kafin a zuba ruwa.

Ƙasan akwati kuwa, mai hali yana iya sayen ƙasar da aka sarrafa don wannan aiki. Wanda ba shi da hali yana da hanyar da Ba'amurkiya Diana Walstad ta yi bayani a littafinta na 1999: a shimfiɗa ƙasar lambu mai kaurin santimita 2 zuwa 3, a rufe ta da yashi mai ɗan kaushi ko ƙananan tsakuwa mai kauri kamar haka. Sharaɗin shi ne ƙasar ba ta sha takin zamani ko maganin ƙwari ko kashin dabbobi ba. Yashin a wanke shi a bokiti har ruwan ya daina fitowa da laka. Dutse a ɗiga masa ruwan khal. Idan ya yi kumfa akwai farar ƙasa a jikinsa, zai ƙara wa ruwan nauyi, gara a bar shi. Itace ya zama busasshe mai tauri, a jiƙa shi kwanaki ko a tafasa. Zai ba ruwan launin shayi na ɗan lokaci, wannan ba ya cutar da kifi. Wajen cikawa a ɗora faranti a kan yashin a riƙa zuba ruwa a kansa a hankali, kada ƙasar ta taso.

A kan shuka ne ya kamata kuɗin mai farawa ya tafi. A dasa da yawa tun ranar farko, har su rufe fiye da rabin ƙasan, domin shuka tana shan amoniya kai tsaye, kuma ita ce ke hana gansakuka samun abinci. Abin mamaki, wasu daga cikin shuke-shuken da aka fi so a akwatunan Turai da Japan asalinsu nan yankinmu ne. Anubias barteri, mai ganye kore shar mai kauri, tana fitowa a bakin rafukan dazuzzukan kudancin Nijeriya da Kamaru. An sa mata sunan Charles Barter, mai tattara tsirrai da ya bi wani ayarin bincike a kogin Kwara ya rasu a Raba a 1859. Tana jure ƙarancin haske, kifi ba sa son cin ganyenta, sai dai tana da wata doka: kauraren karan da ke kwance, wanda ganye da saiwa ke fitowa daga jikinsa, ba a binne shi. Idan aka binne ruɓewa zai yi. Da zare ake ɗaure shi a jikin dutse ko itace, bayan 'yan makonni saiwar ta kama da kanta. Haka ake yi wa Java fern ta Asiya, da Bolbitis wadda ita ma ta Afirka ce. Duk waɗannan a hankali suke girma, don haka a haɗa su da masu sauri. Vallisneria a baya, mai dogon ganye siriri, tana yaɗuwa da kanta. Cryptocoryne a tsakiya. Bado ma yana shiga. Akwai irinsa mai ganye ja da ɗigo-ɗigo da ake sayarwa da tsada a ƙasashen waje, kuma idan ana yanke ganyen da ya nufi saman ruwa sai ya riƙa fitar da gajeru a ƙasa. A sama kuma kainuwa. Ana ce mata dashen Allah, kuma a akwati ma ba ta neman komai a wurin kowa: iskar kabon daga sarari take sha, saiwarta na zuƙe nitiret da sauri. Sai dai a riƙa rage ta, kada ta rufe fiye da kashi ɗaya cikin uku na saman ruwan ta hana na ƙasa haske.

Wanda ya ji haka zai ce to bari ya tafi tafkin bayan gari ya ɗebo kyauta. A yi hattara. Ƙananan katantanwar da ke manne a ganyen kainuwa da bado a tafkunanmu su ne masu ɗauke da ƙwayar tsargiya, kuma shiga ruwan kansa ya isa a kamu. Ban da su akwai tsutsar mazari, wadda ke cin ƙananan kifi. Saye daga mai kiwo ya fi aminci.

Mako na farko ko na biyu wasu ganye za su yi laushi su narke, musamman na Cryptocoryne. Masu raino da yawa a wajen ruwa suke girmar da shukar, ganyen da ya saba da iska kuma ba ya rayuwa a nutse. Kada a tumɓuke. A yanke ruɓaɓɓen, a bar saiwar, sabon ganye zai fito.

Fitilar LED fara ta isa, awa 6 zuwa 8 a rana, a lokaci ɗaya kullum. Barin ta a kunne daga asuba har dare don ado shi ne hanya mafi sauri ta mayar da gilashi kore. Ƙura-ƙura mai ruwan ƙasa da ke lulluɓe gilashi da ganye a watan farko kan tafi da kanta. A goge da soso mai tsabta a ci gaba.

Ruwan famfo yana da kulorin da ke kashe bakteriyar da ake ta wahalar rainowa. Idan ruwan ya kwana a buɗaɗɗen bokiti kulorin yana fita, amma wasu hukumomin ruwa suna amfani da kuloramin, wanda ba ya fita da ajiya, don haka 'yar kwalbar maganin kulorin da ake sayarwa ta fi kwanciyar rai. Ruwan rijiyar burtsatse ba shi da wannan matsala, amma a wurare da yawa yana da nauyi. A ganina kuskure ne mai farawa ya shiga zuba sinadarai don canza shi. Ya zaɓi abin da ke son irin ruwansa: Vallisneria da kifin gofi da filati duk sun fi jin daɗin ruwa mai nauyi.

Littattafan Turai sun cika maganar na'urar ɗumama ruwa, domin yawancin kifin ado suna son zafi tsakanin digiri 24 da 27. A Kano ko Maraɗi na'urar ba ta da aiki sai a dararen hunturu. Babbar damuwa bazara ce. Ruwa mai zafi ba ya riƙe oksijin sosai, kuma idan ya wuce digiri 30 za a ga kifi sun taru a sama suna haki. A buɗe murfi, a juya ƙaramar fanka ta riƙa hura saman ruwan. Hakan yana sauke digiri biyu zuwa uku, sai a riƙa cike abin da ya ƙafe. Sai kuma ɗauke wuta. Bakteriyar matata da oksijin take rayuwa, kuma a rufaffiyar matata da ta tsaya awanni da yawa tana fara mutuwa. Matatar soso mai aiki da famfon iska ta fi dacewa da mu, domin soson a cikin akwatin yake zaune, ga kuma ƙananan famfunan da ke aiki da batir ko abin cajin waya. Da dare aka fi bukatarsu, saboda a duhu shuka ma shan oksijin take yi.

Duk tsawon makonnin jiran nan babu kifi ko ɗaya. Ana ɗan barbaɗa abincin kifi kowane kwana biyu don ya ruɓe ya ciyar da bakteriya. Wanda ya san mai tsohon akwati mai lafiya ya roƙi guntun soson matatarsa ya saka a nasa, kamar yadda ake ɗiga tsohon nono a sabuwar madara don ta yi saurin kamawa. Wannan yana rage jiran sosai. Da kayan gwajin ruwa ake gane an isa: amoniya ta hau ta sauka zuwa sifili, nitirait ta hau ita ma ta sauka, nitiret ya bayyana. Sannan a sa ƙananan kifi biyar ko shida, a bar ledarsu tana yawo a saman ruwan minti 15 zuwa 20 don zafin ya daidaita kafin a sake su. Bayan mako biyu a ƙara wasu. Gofi da filati suna da juriya, suna kuma haihuwa har a rasa yadda za a yi da su. Idan akwatin ya kai lita 80 ana iya ajiye mace da namiji na kiribensis, kifin kudancin Nijeriya mai jan ciki, a kifa musu ɓawon kwakwa su yi ɗaki. Wasu kuma a guje su. Kifin zinariya cin shuka yake, kuma ruwan sanyi yake so. Karfasa da tarwaɗa tona suke yi, cikin kwana biyu za su tumɓuke aikin wata guda. Baƙin kifin nan mai manne wa gilashi, da ake cewa yana share datti, nau'insa da aka fi sayarwa yana wuce santimita 30.

Daga nan aikin kaɗan ne. Abinci sau ɗaya ko biyu a rana, gwargwadon abin da za su cinye cikin minti biyu, kuma a hana yara ƙarawa, domin ƙoshi ya fi yunwa kashe kifin ado. Kowane mako a zuƙe kashi ɗaya cikin huɗu na ruwan da tiyo a mayar da sabo. Tsohon a ba shukokin tsakar gida. Soson matata a matse shi a cikin ruwan da aka zuƙe, kada a kai shi bakin famfo. Sabulu ko omo ba ya taɓa komai na akwati, har bokitin da ake aikin da shi. Maganin sauro na fesawa guba ne mai tsanani ga kifi da jatan lande, don haka kafin a fesa ɗaki a rufe akwatin ruf, a kashe famfon iska, sai ɗakin ya sha iska a buɗe.

Bayan wata biyu ko uku shuka za ta yi yawa har a fara aski. Abin da aka yanke ba a jefa shi a kwata ko rafi. Ciyawar ruwan nan mai fure shuɗi da ke toshe hanyar jiragen ruwa a Legas tun 1984 'yar Kudancin Amurka ce, kuma a matsayin shukar ado ta zaga duniya. A ba wani mai akwati, ko a shanya a rana ta bushe ƙarau kafin a zuba a bola.