Ga Ruwa a Zobe, Ga Rana a Sama: Me Ya Hana Randarmu Cika?

Wani dare cikin watan Afrilu, ina bakin aiki a wani ƙaramin asibiti da ke yankinmu, aka kawo mana wata mai naƙuda. Ba wuta, man janareta ya ƙare tun la'asar, tankin sama kuma babu ko ɗigo, domin sai da wuta injin rijiyar ke turo ruwa. Da fitilar waya muka karɓi haihuwar. Ruwan da muka wanke hannu da kayan aiki kuwa, mijin matar ne ya bi gidajen maƙwabta ya roƙo a jarka. Allah ya sauke ta lafiya. Amma tun daga ranar na daina kallon matsalar ruwa daban, ta wuta daban. Igiya ɗaya ce ta ɗaure su.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne ruwan akwai shi. Madatsar ruwa ta Zobe da ke kusa da Dutsin-Ma, a kan kogin Karaɗuwa, an kammala ta a 1983, zamanin Shugaba Shehu Shagari, kuma tana iya riƙe ruwa sama da kubik mita miliyan 170. Shekara da shekaru yana kwance, masunta da 'yan noman rani ne kaɗai ke morarsa, har sai a 2021 da Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙaddamar da aikin tace shi da tura shi garuruwa. Sai dai, 'yan uwa, ruwa ba ya hawa tudu da ƙafarsa. Sai inji ya zuƙo shi, an tace, an sa masa magani, wani injin ya tura shi cikin bututu. Kowane mataki wuta yake ci. Ranar da babu wuta ko dizal, famfo shiru, mu kuma sai leƙen 'yan ga-ruwa da kurarsu. Tun da aka cire tallafin fetur a 2023, duk uwargidan da ke sayen jarka ta san yadda kuɗin cefane ya koma na ruwa.

Ba mu kaɗai ke wannan fama ba. Birnin Perth na ƙasar Ostireliya a bakin teku yake, amma ruwan gishiri ba ya shayuwa, ruwan sama kuma ya yi ta ja baya. A 2006 suka buɗe matatar da ke matse ruwan teku da ƙarfi ta cikin wani rariya mai ƙananan ƙofofi, gishirin ya tsaya, ruwan daɗi ya wuce. Aiki ne mai cin wuta ƙwarai, don haka suka haɗa shi da sayen lantarki daga injinan iska na Emu Downs. Su sai sun raba ruwa da gishiri. Mu namu ruwan daɗi ne tun asali, ɗago shi kawai ake nema.

Mu ma a Katsina an gwada iska, ga injina 37 can a Lambar Rimi da aka tsara su ba da megawat 10. Ni dai a ganina, abin da ya fi kusa da uwa a Kurfi ko Dutsin-Ma shi ne rijiyar burtsatse mai sola. Tsarinta ba wuya. Farantan sola na karɓar hasken rana, injin da ke can ƙasan rijiya ya turo ruwa zuwa tankin sama, daga nan ya gangaro famfo da kansa. Ba lallai sai da batir ba, tankin ne ma'ajiya. Shi ya sa idan za a yi wa unguwarku irin wannan rijiya, ku tambayi girman tankin kafin ku yi guɗa. Ƙaramin tanki kafin isha'i ya ƙare, sai kuma gobe da hantsi.

Akwai wata tambayar. Yankinmu a kan dutse yake zaune, sunan Dutsin-Ma ma ya isa shaida, kuma ruwan ƙasa a tsagar dutse yake maƙalewa. Idan ba a yi awon wuri ba kafin haƙa, sai rijiya ta yi ruwa da kaka, ta ƙafe da bazara, daidai lokacin da ake nemanta.

Sannan kulawa, wadda nan muka fi faɗuwa. Ƙurar hunturu na rufe farantan, ƙarfin injin ya ragu, alhali tsumma mai laushi da ɗan ruwa da sassafe sun wadatar. Na ga rijiyar da ta shekara a tsaye saboda wayar da ta tsinke, maza na ta jiran wanda ya gina ta ya dawo. A wata unguwar kuma mata ne suka yi asusu kamar adashe, kowane gida na zuba ɗan abu duk wata, makulli a hannun wata dattijuwa. Tasu har yau tana zuba. Wadda ke tashi da asuba neman ruwa ita ta fi sanin ranar da famfo ya fara tari.

Bari in sa hular aikina kaɗan. Hukumar Lafiya ta Duniya na cewa mutum ɗaya na buƙatar aƙalla lita 20 a rana don sha da girki da 'yar tsafta. Idan ruwa ya yi tsada, wanke hannu ake fara yankewa, daga nan sai gudawa, kuma ƙananan yara ta fi kayarwa. Ko ruwan sola ne, yana iya gurɓata a gida. A rufe randa, a ware mata moɗa guda mai mariƙi, kada kowane yaro ya tsoma kofinsa. A riƙa wanke jarka da tanki. Ruwan da ba ki yarda da shi ba ki tafasa, musamman da damina, lokacin amai da gudawa. In yaro ya fara zawo, a soma ba shi ruwan gishiri da sukari nan take, a nufi asibiti.

Asibitin nan da na ba ku labari, yanzu an sa mana sola a rijiya da ɗakin haihuwa. Jaririyar da muka karɓa da fitilar waya, kwanan baya uwarta ta kawo ta allurar ƙyanda, daga firjin da shi ma rana ke sanyaya shi. Duk ranar Asabar ni da mai gadi muke fita da tsani da bokiti mu goge farantan.