Shirun Jaki Ba Lafiya Ba Ce

Bahaushe ya ce haƙurin kaya sai jaki, kuma ya faɗi gaskiya. Sai dai mun ɗauki wannan haƙuri mun mai da shi hujja. Tun da ba ya ihu in an labta masa mangala cike da yashi, ba ya kuka in an tsula masa sanda, sai muka yanke cewa abin bai dame shi ba. Likitocin dabbobi kuwa sun daɗe da sanin cewa jaki yana cikin dabbobin da suka fi ɓoye ciwo.

Asalinsa ne ya sa haka. Kakanninsa jakunan daji ne na duwatsu da hamadar arewa maso gabashin Afirka, kuma har yau akwai ragowarsu a Habasha da Eritiriya. A irin wannan wuri, dabbar da ta nuna gazawa ita namun daji ke fara bi. Shi ya sa jaki mai ciwon ciki ba ya shure-shure kamar doki. Sai dai ka ga ya sunkuyar da kai, kunnuwa sun kwanta, ya ware gefe guda. Wani ma yakan sa baki cikin dusa yana motsa leɓe kamar yana ci, alhali ba abin da ya haɗiye. Kafin mai shi ya farga, ciwon ya ci ƙarfinsa. Haka nan turjewar da muke kira taurin kai. Doki in ya tsorata gudu yake yi, jaki kuwa cijewa yake ya tsaya ya duba abin da ke gabansa. Sau da yawa wanda ake jibga a bakin kwalbati ko gefen kwalta tsoro ne ya kama shi, duka kuwa ƙara masa tsoron yake.

Abin bai tsaya kan zafin jiki ba. Jaki yana shaƙuwa da ɗan'uwansa, wani lokaci har da akuya ko doki da suka saba turke ɗaya. In aka raba su, ko ɗaya ya mutu, wanda ya rage yakan daina ci. A jikin jaki wannan babban haɗari ne: kitse yakan kwararo cikin jini, ya lalata hanta da ƙoda, ya kashe shi cikin 'yan kwanaki. Saboda haka ne masu kula da jakuna ke ba da shawarar a bar mai rai ya ɗan jima kusa da gawar abokinsa kafin a ɗauke ta. Dabbar da rabuwa ke iya kashewa, da wane baki za a ce ba ta san kewa ba?

Masana sun yi nisa a kan wannan tambaya. Tun 1872 Charles Darwin ya fitar da littafi kan yadda mutum da dabba ke bayyana tsoro da fushi da murna. A 2001 masu bincike a Kambirij ta Ingila suka nuna cewa tunkiya na iya gane fuskokin tumaki 50, ta kuma riƙe su har shekara biyu. A garin ne kuma, a 2012, masana ƙwaƙwalwa suka sa hannu kan sanarwar cewa dabbobi masu shayarwa da tsuntsaye suna da sassan ƙwaƙwalwar da ji da sanin kai ke fitowa daga cikinsu. Birtaniya ta sa abin cikin doka a 2022.

Amma mu ba mu da uzurin jiran Bature. Yaro ɗan Islamiyya ya san hadisin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta kulle ba ci ba sha, da na mutumin da aka gafarta wa saboda ya shayar da kare. Akwai na raƙumin da ya zubar da hawaye da ya ga Annabi (SAW), aka kira mai shi aka tsawata masa kan yunwa da wahalar da yake ba shi. An hana dukan dabba a fuska, an kuma umarci mai yanka ya wasa wuƙarsa don ya hutar da abin yankan. Mun haddace waɗannan duka. Abin da ke ba ni takaici shi ne, mai haddar ne zai wuce jaki da gyambo a gadon baya, ƙudaje sun yanyame shi, an ɗora akumari a kai, bai ko waiwaya ba.

Gyaran kuma ba tsada gare shi ba. A daidaita kaya dama da hagu, a sa shimfiɗa mai taushi ƙarƙashin akumari, in miki ya fito a huta da lodi har ya warke. A sassauta dabaibayi, a daina yin sa da igiyar leda mai yanka fata. A ba shi ruwa mai tsabta, don jaki yakan gwammace ƙishi da ya sha mai datti, a kuma nema masa inuwa in rana ta take. In ya yini bai ci ba, a kira malamin dabbobi a ranar, kada a ce sai gobe.

Yanzu ga wata musiba ta ƙaru. A China ana dafa fatar jaki a fitar da wani sinadari mai suna ejiao da ake sha a matsayin magani, kuma ƙungiyar Donkey Sanctuary ta ƙiyasta cewa ana yanka jakuna kusan miliyan 6 duk shekara saboda shi. Daga kasuwanni irin su Maigatari ake cusa su a tirela zuwa kudu, musamman jihar Ebonyi. Da yake fata ake nema ba ƙiba ba, ba wanda ya damu ko sun ci ko sun sha a hanya, ko an tattake na ƙasa. Jaka kuwa shekara guda take ɗauke da ciki, ta haifi ɗa ɗaya tak, don haka haihuwa ba za ta taɓa kamo yanka ba. Nijar ta hana fitar da jakuna tun 2016, Tarayyar Afirka kuma ta amince da haramta yanka su don fata a Fabrairun 2024. Takarda dai an sa mata hannu a Addis Ababa, amma aiwatarwa tana hannun jami'an kan iyaka, da sarakunan kara, da dillalan da suka san inda kowace tirela ta dosa.