Keken da ba ya barin ɗaki: abin da ya kamata ka sani kafin ka hau

A ƙarshen watan Fabrairun 2016, wani ɗan tseren keke daga Ostareliya mai suna Mathew Hayman ya faɗi a wata gasa a Beljiyam, ya karye a hannu. Saura mako shida ke nan a yi Paris-Roubaix a Faransa, tseren sama da kilomita 250 da ake ratsa tsofaffin hanyoyin duwatsu masu girgiza mutum har haƙora. An ɗaure hannu, hawa titi ya gagara. Sai mutumin ya shige garejin gidansa, ya kafe kekensa a kan wata na'ura da ke riƙe shi wuri guda, ya ɗora karyayyen hannun a kan tsani, ya ci gaba da taka feda yana kallon allon kwamfuta. Ranar 10 ga Afrilu ya fito, yana da shekara 37, ya lashe gasar. Wanda ya zo na biyu shi ne Tom Boonen, da ya riga ya ci ta sau huɗu.

Da na fara cin karo da labarin nan, na ɗauka sirrin a jikin na'urar yake. Shi ya sa a zangon karatun da ya wuce na cire daga kuɗin abinci na biya wata guda a wani jim da ke kusa da makaranta, saboda suna da kekunan nan da ba sa tafiya. Ranar farko na ƙure maɓallin nauyi, na yi ta dannawa kusan minti 45, har da ɗaukar bidiyon da zan ɗora a WhatsApp. Washegari hawa matakalar ɗakin lacca ya zama aiki. Kwana uku ina tafiya kamar wanda aka yi wa kaciya. A watan nan kaf sau huɗu na je, kuɗina suka bi ruwa.

Abin da Hayman yake da shi ni ban da shi, ban da shekarun da ya kwashe a harkar, shi ne tsari. Kowace rana ya san abin da ya hau keken ya yi, da irin ƙarfin da zai sa, da tsawon lokacin da zai ɗauka. Ni gumi kawai na je nema.

Masu wannan harka da awo suke farawa. Na'urorinsu na nuna ƙarfin da ƙafa ke turawa da wat, irin wat ɗin da ake rubutawa a jikin ƙwan lantarki. Suna da wani ma'auni da suke kira FTP, wato kusan ƙarfin da mutum zai iya riƙewa na tsawon awa guda. Yadda aka fi gwada shi: ka ɗumama jiki, ka taka iya ƙarfinka na minti 20, sai a ɗauki kashi 95 cikin 100 na matsakaicin abin da ka yi. Wanda ya samu wat 200, nasa 190 ke nan. A kan wannan lamba ake gina sauran atisayen, bayan wasu makonni a sake gwadawa a ga ko ta motsa.

To amma kekunan da ke yawancin wuraren motsa jikinmu ba su san wat ba, wasu ma allonsu ya daɗe da mutuwa. Ba komai, bakinka ya isa ma'auni. Idan kana takawa kana iya hira da na kusa da kai cikakkiyar jimla, kana matakin sauƙi. Idan magana ta koma kalma uku-huɗu sai ka ja numfashi, ka shiga tsaka-tsaki. Idan aka kira sunanka ka kasa cewa na'am, ka kai ƙololuwa.

Nan ne wurin da ya fi ba ni mamaki. Stephen Seiler, wani masanin motsa jiki Ba'amurke da ke koyarwa a Norway, ya bi diddigin yadda manyan 'yan wasan juriya ke atisaye, masu gudu, masu tuƙin kwale-kwale, masu keke. Ya gano kusan kashi 80 na atisayensu a matakin sauƙi suke yi, sauran kashi 20 ne masu zafi. Wato zakarun duniya sun fi yawan yin irin tukin da mu za mu ji kunyar ɗorawa a TikTok. Dalilin kuwa, doguwar tafiya a hankali ita ke ƙara wa zuciya yawan jinin da take turawa a bugu ɗaya, ta ƙara ƙananan hanyoyin jini a cikin tsoka, kuma ba ta barin gajiyar da za ta hana ka fitowa gobe. Mu sabbin shiga kullum a tsakiya muke maƙalewa: ya yi zafin da zai gajiyar, bai kai zafin da zai ɗaga ka ba. Bayan mako biyu mutum ya ce ai abin ba nasa ba ne.

Ga yadda na koma yi, kwana uku a mako. Kwana biyu ina yin minti 30 zuwa 40 a matakin hira, nauyi kaɗan, ƙafa na juyawa kamar sau 80 zuwa 90 a minti. Ba sai da na'ura ba, ƙirga sau nawa gwiwarka ta dama ta taso cikin daƙiƙa 15, ka ninka sau huɗu. Rana ta uku ita ce mai zafi: ɗumama jiki minti 10, sannan minti 4 da ƙarfi, minti 3 a hankali, a maimaita. Da zagaye biyu na fara, yanzu na kai huɗu. Kowane mako ina ƙara 'yan mintuna, a mako na huɗu kuma in rage kusan rabi, don jiki a lokacin hutu da barci yake gina abin da atisaye ya nema. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce baligi na buƙatar aƙalla minti 150 na matsakaicin motsa jiki a mako, ko 75 na mai zafi. Wannan tsarin, idan ka haɗa da tafiyar ƙafa zuwa aji, ya kai ka.

Za ku ga masu tallar “Tabata” suna cewa minti huɗu sun isa su narkar da teɓa. Sunan wani masani ne ɗan Japan, Izumi Tabata, kuma binciken nasa na 1996 a kan irin wannan keken aka yi shi: daƙiƙa 20 da matsanancin ƙarfi, hutun daƙiƙa 10, sau bakwai zuwa takwas. Sai dai ƙarfin numfashi da juriya ya auna, ba raguwar tumbi ba, kuma mutanen da aka gwada ba daga kan katifa aka ɗauko su ba.

Akwai abin da bidiyoyin Turawa ba za su damu su faɗa maka ba, don su a ɗaki mai sanyi suke: zafi. Kusan kashi uku cikin huɗu na ƙarfin da jiki ke ƙonawa a kan keke zafi yake zama, ba tafiya ba. A titi iska na kwashe shi. A ɗaki babu wannan iskar, gumi ya yi ta zuba ba ya bushewa, zuciya ta yi ta ƙara gudu. A Kano ko Sakkwato cikin Afrilu, lokacin da rana ke haura digiri 40, wannan ba abin wasa ba ne. Fanka a gabanka dole ce, gorar ruwa ma haka. Idan an ɗauke wuta, fito da keken tsakar gida da asuba, ko ka haƙura. Kuma idan bayan atisaye mai tsanani cinyoyinka suka kumbura, ciwo ya wuce misali, fitsari ya koma baƙi-baƙi kamar shayin da ba madara, asibiti za ka nufa nan take. Tsoka ce ke rugujewa, abin da take saki cikin jini na iya lalata ƙoda, kuma an sha ganin hakan ga masu zuwa ajin keke karon farko. Mai sikila, mai asma ko mai matsalar zuciya, ya ga likita kafin ya fara.

Sai sirdi. Zauna, ɗora diddige a kan feda lokacin da take can ƙasa. Ƙafarka ta miƙe ba tare da ƙugu ya karkata ba. Sirdin da ya yi ƙasa da yawa gwiwa yake ci.

Manhajoji fa? Zwift, wadda Hayman ya yi amfani da ita, tana sa ka cikin wata duniya kamar ta gem, kana tsere da mutane daga ko'ina. Ta wannan hanyar Jay Vine ya ci gasar neman sabbin 'yan wasa a 2020, ya samu kwantiragi, a 2022 ya lashe zango biyu a Vuelta ta Sifaniya. Gasar duniya ta farko ta tseren keke a intanet, a Disambar 2020, 'yar Afirka ta Kudu ce, Ashleigh Moolman-Pasio, ta ci ɓangaren mata. Amma Zwift duk wata ake biya da kuɗin waje. MyWhoosh ta Abu Dhabi kyauta ce, sai dai don ka more ta kana buƙatar na'urar da ke magana da waya, ita kuma ɗaruruwan daloli ce. A ganina ɗalibi bai da dalilin cin bashi a kan wannan. Agogon wayarka da littafin da za ka rubuta abin da ka yi kullum sun wadatar a watannin farko.

Waɗanda nake ganin abin zai fi yi wa rana su ne 'yan uwanmu mata. Da yawansu sun iya keke tun suna yara, suka ajiye shi da suka girma saboda idon unguwa. A ɗaki ba mai kallo, ba ƙurar hunturu, ba ɗan Adaidaita Sahu da zai yanko gabanki.

Wannan ɗan Adaidaitan kuma shi ne abin da keken ɗaki ba zai taɓa koya wa kowa ba. Ƙafa da huhu yake ginawa. Shan kwana, taka burki a kan yashi da kauce wa rami sai a titi. Makon jiya na ari keken abokina don in gwada kaina, bayan mako bakwai ina bin tsari. Gangaren da a da nake sauka in tura idan zan hau, na haye shi a zaune ina numfashi lafiya. A kwanar farko bayan nan na kusa shiga kwata.