Kafin Ka Kai Zanen Gini Ofis, Ka Leƙa Gidan Maƙwabci

A unguwannin Kano da dama, mutum ba ya sanin abin da za a gina a jikin katangarsa sai ranar da tifa ta juye yashi. In ya tambaya, a ce masa, "Ai da takarduna." To, takarda ba ta hana tagar bene leƙa tsakar gidan wani, ba ta kuma hana indararo zuba ruwa a gindin katangar da ba taka ba.

Gaskiya ne izinin gini na hukuma ne. A Kano KNUPDA ke bayarwa, a Kaduna KASUPDA. Tun Dokar Mallakar Ƙasa ta 1978, filayen birni amana ce a hannun gwamna, kuma takardar shaidar mallaka tana faɗin abin da aka ba ka filin dominsa, zama ne ko kasuwanci. Mai son mayar da gidan zama makaranta, gidan biki ko wurin sayar da gas sai ya nemi izinin sauya amfanin filin. A nan ne maƙwabci ya fi cutuwa, domin shi zai kwana da ƙarar janareto, shi za a toshe wa ƙofa da motoci.

A Ingila ba a bar abin ga kirkin mai gini ba. Da zarar an shigar da takardar neman izini, ƙaramar hukuma takan aika wa maƙwabta wasiƙa ko ta liƙa sanarwa a wurin, a ba su kwana 21 su faɗi ra'ayinsu. Wata dokarsu ta 1996 ma ta wajabta sanar da maƙwabci a rubuce, wata biyu kafin a taɓa katangar tarayya. Mu ma ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Risala, wadda ake karantawa a zaurukan malamanmu, ta hana buɗe tagar da za ta tona asirin maƙwabci, da yanka ƙofa daura da tasa, da haƙa ramin da zai cutar da shi ko da a cikin filinka ne.

Lokacin sanarwar shi ne komai. Ka je wurin maƙwabci tun zane yana kan takarda, lokacin da sauya wa taga wuri aikin fensir ne. In an zuba dakin, gyara sai da guduma, kuma ba mai yarda. Ka tafi da zanen a hannu. Nuna masa hawa nawa ne, ina tagogin sama suka fuskanta, ina ruwan sama zai bi ya shiga kwata, ina za a haƙa shadda. Wannan na ƙarshen mutane sun fi raina shi, alhali shadda kusa da rijiyar maƙwabci ciwo ce ga gida guda. Kada ka tsaya a na dama da na hagu. Na bayanka shi ya fi shan wahalar bene.

In gidan maƙwabcin na haya ne, mai gidan za ka nema, amma ka gaya wa 'yan hayan, su ne a ciki. Abin da kuka daidaita a kai kuma a rubuta shi, mai unguwa ya sa hannu, kowa ya riƙe kwafi. Gida yana canja hannu, magada kuwa ba su san alkawarin baka ba.